Wa zai duba wutar gas a gidajen burodinmu?

Shekaru kaɗan da suka wuce, tukunyar gas a garuruwanmu kayan gidan babban ma'aikaci ce, ko ta amaryar da iyayenta ke da hali. Yau an wuce nan. Mai shayi a bakin tasha a Ringim, mai tuyar ƙosai a Dutse, mai kiwon kaji a bayan gari, har da wasu masu gidajen burodi, duk sun fara jingina da gas, domin kananzir ya fi ƙarfin talaka, itace kullum ƙara tsada yake yi, hukuma kuma ta matsa a kan masu sare bishiyoyi da masu ƙona gawayi. Ina goyon bayan wannan sauyi ɗari bisa ɗari. Sai dai akwai wani giɓi a cikinsa da ba a cika magana a kai ba. Muna sayen tukunya, muna sayen murhu da tanderu, amma daga ranar da aka haɗa su zuwa ranar da suka lalace babu wanda ke zuwa ya auna wutar ya ga ko tana ci yadda ya kamata. Ra'ayina shi ne, muddin ba a samar da masu sana'ar auna wutar gas da daidaita ta a kowace ƙaramar hukuma ba, kuma dubawar ta zama al'ada kamar yadda ake kai babur wurin bakanike, to mafi yawan waɗanda suka koma gas za su sake komawa itace, wasu saboda asara, wasu saboda tsoro.

Jigawa na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ware a matsayin bakin dagar yaƙi da kwararowar hamada. Wanda ya san ƙasar Babura da Garki ba sai an yi masa bayanin abin da wannan ke nufi ba. Gidan burodi mai tanderun ƙasa ba ya aiki da ƙirare, manyan gungume yake ci, kuma gungumen nan na marke ne da kirya da ɗorawa waɗanda suka yi shekara da shekaru kafin su girma. Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. A ɓangaren ƙarfin wuta, kilo 1 na gas yana ɗauke da zafin da ya kai na kilo 3 na busasshen itace. Bayan haka, murhun duwatsu uku ba ya kai wa tukunya fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen da ya ci, alhali murhun gas mai lafiya yana kai kashi 50 zuwa 60. Waɗannan alƙaluma su ne hujjar duk mai kiran a koma gas, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma a lura, lissafin ya tsaya ne a kan murhu mai lafiya. Murhun da wutarsa ta karkace ba ya ba da wannan riba, kuma mai shi ba zai sani ba sai ya ga tukunya ta ƙare kafin lokacinta.

Gas ɗin da ake ɗurawa a tukwanenmu haɗin iskoki biyu ne, burofen da butan, waɗanda matsi ya mai da su ruwa. Idan aka buɗe, ruwan ya koma iska, ya bi ta na'urar da ke kan tukunya wadda ke rage matsinsa, wato regileta, ya ratsa tiyo, ya fita ta wani ɗan rami mai kamar hancin allura. Saurin fitarsa ta wannan rami shi ke jawo iskar waje ta wata ƙofa da ke gefen bututun, su gauraya kafin su kai bakin wuta. Duk aikin murhu yana cikin wannan gauraya. Kilo 1 na gas yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone ƙurmus. Idan iskar ta isa, harshen wutar zai fito shuɗi, gajere, a tsaye, mai ɗan ƙaramin harshe a cikinsa. Idan ta gaza, wutar za ta yi tsawo, ta yi rawaya, ta riƙa lilo, ta bar baƙi a gindin tukunya, kuma wannan baƙin gas ne da aka biya kuɗinsa bai ƙone ba. Idan iskar ta yi yawa, wutar za ta riƙa huci tana tashi daga bakin murhu, ƙaramar iska ma sai ta kashe ta, gas ya ci gaba da zuba. Akwai wani bambanci da ya kamata mutanen ƙasar ƙura irin tamu su sani: ɗan walƙiyar ja da ke gilmawa a cikin shuɗiyar wuta lokacin hazo ƙura ce ke ƙonewa, ba matsala ba ce. Matsalar ita ce rawayar da ta zauna daram, ta zo da baƙi da wari.

Abubuwan da ke karkatar da wuta a nan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da maiƙo da garin fulawa ta toshe ƙofar iska da ramukan bakin wuta. Tanderun da aka daidaita a watan Satumba ba shi ne a watan Janairu ba. Na biyu, hannun mai gyaran da bai koyi aikin ba. Idan aka kai kukan cewa wuta ta yi rauni, abin da ya fi sauƙi shi ne a sa ƙusa ko waya a faɗaɗa ramin gas. Wutar kuwa za ta girma, mai murhu ya yi murna, amma an ƙara gas ba a ƙara iska ba, kuma ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Na uku, haɗa regileta da murhun da ba nasa ba. Murhun gida an ƙera shi ne ya yi aiki da matsi kaɗan, wajen miliba 28 zuwa 37, alhali manyan murhunan da ake ɗora wa babbar tukunya suna da nasu regileta mai matsi mai yawa. A kasuwa ana sayar da su gefe da gefe, mai saye kuma yakan ɗauki wanda aka ce ya fi ba da wuta. Na huɗu shi ne wanda ya fi damun masu gidajen burodi da asubahin sanyi. Ruwan gas yana jan zafi daga jikin tukunya kafin ya zama iska, don haka idan aka ja shi da yawa daga tukunya guda, sai ta yi sanyi, ta yi gumi, wani lokaci har ƙanƙara ta fito mata, matsi ya faɗi, wuta ta mutu alhali da sauran gas a ciki. Butan ya fi saurin yin haka, domin ba ya tashi idan sanyi ya kusa digiri 0. Maganin ƙwararru shi ne a jera tukwane biyu ko uku a kan bututu ɗaya su raba nauyin. Maganin da ake yawan yi kuwa shi ne a kwara wa tukunyar ruwan zafi, ko a matso da ita kusa da wuta, ko a kwantar da ita. Kwantar da tukunya yana tura ruwan gas cikin tiyo, kuma ɗigon ruwan nan idan ya zama iska yana ninka girmansa sau 250 ko fiye.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar illa. Wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Warin da muke ji idan gas ya zuba wani sinadari ne da ake ƙarawa da gangan don gargaɗi, amma ita wannan iska babu abin da ke gargaɗi da ita. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, wato daidai alamun da kowa a nan zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Yaron da ke aikin dare a gidan burodi, a ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyi da kuma don kwaɓin ya tashi da wuri, zai iya yin wata guda yana shan maganin zazzaɓi alhali tanderu ne ke cutar da shi. Abin da ke tona asirin ciwon shi ne ya kama mutane da yawa lokaci guda a wuri guda, kuma ya lafa idan sun fita waje. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: shuɗiyar wuta alama ce mai kyau, amma ba shaida ce cikakkiya ba. Wutar da ke dukan ƙarfe mai sanyi, ko wadda ke ci a ɗakin da iskarsa ta ƙare, tana iya fitar da guba tana shuɗiya. Ido yana kama rabin matsalar, sauran rabin sai na'ura.

Ƙasashen sanyi sun daɗe da koyon wannan darasi, kuma da tsada suka koye shi. A Amurka da Kanada, inda gidaje da yawa ke ɗumama ɗakunansu da tanderun gas, shawarar da masu ƙera na'urorin ke bayarwa ita ce a kira ƙwararre sau ɗaya a shekara kafin sanyi ya shigo. Idan ya zo, yakan auna matsin gas a bakin bututu ya gwada da abin da aka rubuta a jikin na'urar. Yakan auna zafin iskar da ke shiga da na wadda ke fita, domin kamfani ya rubuta iyakar da bambancin zai tsaya. Idan ya haura, iska ba ta gudana sosai, idan ya gaza, wutar ba ta kai ba. Yakan duba mita ya lissafa gas nawa na'urar ke ci a awa, sannan ya sa ma'auni a bututun hayaƙi ya ga yawan gubar da ke fita. A Birtaniya dokar 1998 ta wajabta cewa mai gidan haya ya sa a duba kayan gas na gidan kowace shekara, kuma babu wanda doka ta yarda ya yi sana'ar gas sai wanda sunansa ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Mai karatu zai iya cewa mu ba ƙasar ƙanƙara ba ce, ina ruwanmu da tanderun ɗumama ɗaki. Gaskiya ne ba mu da irin wannan na'ura a gidajenmu, amma tambayoyin da ƙwararren can ke yi su ne dai namu: gas nawa ya shiga, zafi nawa ya fito, me ya tsere a tsakani. Wuta ba ta san ko burodi take gasawa ko ɗaki take ɗumamawa ba.

Kuma amsa waɗannan tambayoyi a gidan burodi na Ringim ba ya bukatar kayan miliyoyi. Sikelin da ake auna fulawa da shi ya isa ya auna tukunyar gas kafin a kunna wuta da bayan an kashe ta. A raba kilon da ya tafi da yawan buhunan fulawar da aka gasa, a rubuta a littafi. Wannan lamba guda, kilon gas a kan kowane buhu, ita ce lafiyar tanderun. Ranar da ta fara hawa ba tare da an canza girman burodi ba, akwai abin da ya toshe ko ya yoye. Sai ma'aunin zafi na cikin tanderu, wanda kuɗinsa bai kai na ɗura ƙaramar tukunya ba. Burodi irin namu yana gasuwa ne a wajen digiri 180 zuwa 220, amma tanderun da mai walda ya ƙera yakan bambanta ƙwarai tsakanin sama da ƙasa, tsakanin bakin ƙofa da can ciki. Idan aka ajiye ma'auni a kusurwoyi aka gano haka, ana iya rage bakin wuta ɗaya a ƙara wani, a toshe inda ƙofa ke zubar da zafi, a ƙara abin rufi a jikin ƙarfen. Mai shayi da mai abinci su ma suna da nasu gwajin: tukunya ɗaya, ruwa lita 5, a duba agogo a ga minti nawa zai tafasa, a maimaita kowane wata. A ɗauka murhu yana kai wa tukunya kashi 55 na zafinsa, sai datti da karkatar wuta suka mai da shi 40. Ma'anar wannan ita ce aikin da tukwane uku ke yi yanzu sai huɗu da ɗoriya. Babu wani tallafi da gwamnati za ta iya bayarwa da zai kai rangwamen da mai gidan burodi zai yi wa kansa da buroshi da sikeli da rabin awa na ƙwararre.

Masu kiwon kaji sun fi kowa kusa da abin da mutanen ƙasashen sanyi ke yi, domin su ɗaki suke ɗumamawa da gaske. 'Yan tsaki a makon farko suna bukatar zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35 a daidai inda suke tsaye, a riƙa ragewa da kusan digiri 3 kowane mako, alhali daren hunturu a Jigawa yakan sauko ƙasa da digiri 15. Mai kiwo yakan lulluɓe ɗakin da leda da buhu, ya kunna gawayi ko gas, ya rufe. Da safe ya kwashe matattu ya ce cuta ce ta shigo, ya ƙara sayen magani. Ma'aunin zafi da aka rataye a tsawon ɗan tsako, da ɗan gurbin da aka bari a sama don iska ta fita, da sun raba masa gardama tsakanin cuta da sanyi da shaƙewa.

Babbar suka da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce ta farashi. Za a ce matsalar gas a Najeriya tsada ce, kuma wanda ke maganar daidaita wuta yana kauce wa ainihin ciwon. Tsadar gaskiya ce. Farashin ɗura tukunya mai kilo 12.5 ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 2021 da 2024, duk da cewa a watan Maris na 2021 ne gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin shekaru goma na gas, kuma kamfanin NLNG ya yi alkawarin sayar da duk gas ɗin girkin da yake samarwa a cikin gida daga 2022. Ga kuɗin dakon mota daga Kudu zuwa nan, wanda ya ƙaru bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Indiya ma ta ga haka: shirinta na Ujjwala da ya fara a 2016 ya raba wa miliyoyin mata tukwane, amma da yawa ba su riƙa komawa ɗuri akai akai ba saboda kuɗi. Sai dai wannan suka tana ƙarfafa maganata ne. Lokacin da abu ke da araha ana iya yin sakaci da shi. Lokacin da ya yi tsada, kowane kilo da ya zama baƙin tukunya ciwo ne. Farashin gas yana hannun canjin dala da kasuwar duniya da manyan 'yan kasuwa, babu abin da shugaban ƙaramar hukumar Taura ko mai gidan burodi a Kiyawa zai iya yi a kansa. Yawan gas ɗin da buhun fulawa ke ci kuwa yana hannunmu.

Wasu kuma za su ce tsofaffin masu gashi sun san zafi da hannu, suna miƙa hannu cikin tanderu su faɗi ko ya yi, kuma sun ciyar da gari shekara talatin babu ma'auni. Ba na raina wannan ilimi, kuma duk makanikin da zai shiga gidan burodi ya raina shi ba zai yi nasara ba. Amma ilimin an gina shi ne a kan tanderun ƙasa, wanda ke shan zafi na awoyi ya riƙe shi ya riƙa sakinsa a hankali. Tanderun ƙarfe mai gas halinsa daban, yana zafi da sauri yana hucewa da sauri, kuma buɗe ƙofa ɗaya yana zubar da zafi mai yawa. Hannu zai iya faɗin ko ciki ya yi zafi, ba zai iya faɗin kilo nawa aka ƙona kafin a kai nan ba, balle ya gane gubar da ba ta da wari. Sannan mai gidan ba kullum yake bakin tanderu ba. Yaran da ke aikin dare ba su da shekara talatin ɗinsa, lamba a jikin ma'auni ita ce hanyar da zai bar musu iliminsa ya je ya kwanta.

Sai tsoro, wanda ya fi kowace suka nauyi a masarautar Ringim. Mutanen da suka binne fiye da mutum 150 bayan fashewar tankar fetur a Majiya a watan Oktoba na 2024 ba za a yi musu wasa da maganar wuta ba. Wancan fetur ne, amma zuciya ba ta rarrabewa, kuma gas ma yana da nasa tarihin: fashewar da ta auku a wani shagon ɗura gas a Sabon Tasha, Kaduna, ranar 4 ga Janairu 2020, ta kashe mutane ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, don haka idan ya zuba ba ya tashi sama, yakan kwanta a ƙasa ya taru a kwata da lungu, kuma kashi 2 zuwa 10 cikin 100 nasa a cikin iska ya isa ya kama da ƙyastu ɗaya. Wanda ya ce a zauna da itace saboda wannan, ba za a ce masa matsoraci ba. Amma a dubi abin da ya faru a Indonesiya. Daga 2007 gwamnatinta ta raba ƙananan tukwane masu kilo 3 ga gidaje fiye da miliyan 50 don su bar kananzir. Zuwa 2010 fashe-fashe sun yawaita har suka zama abin magana a ƙasar baki ɗaya, kuma akasarin laifin ya faɗa ne a kan tiyo da regileta da robar bakin tukunya marasa inganci, da mutanen da aka ba kaya ba a koya musu ba. Ƙasar ba ta koma kananzir ba, ta gyara kayan haɗin ta ƙara wayar da kai. Abubuwan da ke kashe mutane ƙanana ne kuma ana ganinsu: tiyon ruwa da aka sa a madadin na gas, waya da aka ɗaure a madadin kilif, tukunyar da ta wuce shekara 15 da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta ƙayyade, neman yoyo da ashana maimakon kumfar sabulu, buɗe gas a cikin rufaffen tanderu kafin a kawo wuta. Duk waɗannan ziyara ɗaya ta wanda ya san aiki za ta kama su. Maganin tsoron gas shi ne mutumin da ke zuwa ya duba.

To wa zai duba? A nan ne nake rabuwa da masu son a kafa sabuwar hukuma mai rasit da tara. 'Yan kasuwarmu sun gaji da masu zuwa da takarda, kuma idan duba wuta ya zama wata ƙofar karɓar kuɗi, za a riƙa sayen takardar a bar wutar yadda take. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, aikinta ba da lasisi ne ga tashoshin ɗuri da masu rarrabawa, ba ta da ma'aikatan da za su leƙa kowane tanderu a ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, kuma ba a ce ta yi ba. Abin da ya dace shi ne sana'a. Jihar tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, da ta Hussaini Adamu a Kazaure, da ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ga cibiyoyin koyon sana'a da gwamnati ke kashe wa kuɗi. Kwas na 'yan makonni ya isa ya koya wa mai walda ko mai gyaran firji ko yaron shagon gas yadda ake auna matsi, da wanke rami ba tare da faɗaɗa shi ba, da daidaita ƙofar iska, da gwada yoyo, da sa na'urar da ke yanke gas idan wuta ta mutu. Hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga masu sana'ar hannu, ana iya bi ta nan. Kayan da za a sallame shi da su, ma'aunin matsi da na zafi da na kabon monoksaid, za su shiga jaka ɗaya a bayan babur. Su kuma masu walda da ke ƙera tanderu a Kano da Dutse, a jawo su ciki tun farko, domin su ne masana'antarmu, kuma gara a koya musu girman rami da ya dace da a tsaya ana zaginsu. Ya kamata a sa mata cikin masu koyo, don mafi yawan murhunan suna cikin gidajen da namiji baƙo ba ya shiga.

Wanda zai tilasta dubawar kuwa, ƙungiyoyin sana'a sun fi gwamnati iyawa. Ƙungiyar masu gidajen burodi tana iya haɗa kan mambobinta a kan farashin burodi cikin kwana ɗaya, ba za ta kasa haɗa su a kan dubawa sau biyu a shekara ba, ɗaya kafin hunturu ɗaya bayansa. Mai shagon ɗuri shi ma yana da riba a ciki, domin abokin cinikin da gas ya yi wa albarka shi ne zai dawo, wanda ya yi asara kuwa wurin mai itace zai nufa. Akwai kuma dalilin gaggawa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, zai kawo wani gas ne daban da na tukunya, mai sauƙi fiye da iska, mai bukatar rami mafi faɗi da matsi mafi ƙanƙanta. Murhun da aka ƙera wa ɗayan ba ya aiki lafiya da ɗayan sai an canza masa rami. Tun yanzu ma ana shigo da tanderu na hannu daga Turai da aka saita su a kan gas ɗin bututu, a haɗa su da tukunya haka nan, su yi ta aman rawayar wuta. Idan iri biyu suka haɗu a kasuwar Kano, wadda daga ita muke sayen komai, ruɗanin zai ƙaru.

Kirana ga gwamnatin Jigawa ta Malam Umar Namadi shi ne, duk shirin da zai raba tukwanen gas ko ya ba masu gidajen burodi rancen sauya tanderu, a ware wani kaso na kuɗinsa don horar da masu dubawa da saya musu ma'aunai, kuma a fara horon kafin a fara rabon. Masarautu da limamai su sa maganar cikin faɗakarwar da suke yi idan sanyi ya gabato, musamman kan rufe ɗaki da wuta a ciki, ta gawayi ce ko ta gas. Kai kuma mai gidan burodi ko mai kaji ko uwargida, ba sai ka jira kowa ba: yau ka duba launin wutarka, ka shafa kumfar sabulu a bakin tiyo da kan tukunya, ka ɗora tukunyar a sikeli ka rubuta nauyinta, kuma idan wutar rawaya ce kada ka bari a sa mata ƙusa.